Yadda Ake Tarawa da Tantance Kuɗaɗen Tagulla na Daular Rum

Mutane da yawa suna zaton duk kwabon da ya haura shekara 1,600 sai a gidan tarihi ko a aljihun attajiri. Kuɗin tagulla na Rumawa bai bi wannan ƙa'ida ba, don an buga shi da yawan da ba ya ƙirguwa, kuma masu shi sukan zuba a tukunya su binne idan yaƙi ya taso, wasu ba su sake komawa sun tone ba. A shekarar 2010 an tono tukunya ɗaya kusa da garin Frome a Ingila da tsabar kuɗi 52,503 a ciki. A 2016 masu aikin haƙa a Tomares ta ƙasar Sifen suka ci karo da tuluna 19 cike da kusan kilo 600 na kuɗin tagulla. A 1981 an samu fiye da 100,000 kusa da Misrata a Libiya. Wannan yawan ne ya sa kwabon ƙarni na 4 irin na gama-gari bai wuce 'yan daloli kaɗan ba a wurin dillalai.

Aikin da ke gaban mai tarawa shi ne ya iya karanta abin da ke hannunsa. Kwabon da ba a san na wane sarki ba ne, ko a wane gari aka buga shi, ɗan guntun ƙarfe ne kawai. Tambayoyi huɗu za ka yi wa kowane ɗaya: kan wa ke gaba, me ke baya, a ina aka buga, kuma yaushe.

Mataki na 1: Haɗa kayan aiki

Ba su da yawa. Madubin ƙara girma mai ninki 10, irin na masu gyaran agogo da waya. Ƙaramin sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, irin na masu sayar da zinariya. Rula mai milimita. Fitilar tebur da za ka iya karkatar da ita. Tsinken sakace, buroshin haƙori mai laushi, da littafin rubutu. Fitilar ta fi sauran amfani: idan haske ya faɗo daga sama haruffan da suka cinye ba sa fitowa, amma in ka kwantar da hasken ta gefe sai kowane harafi ya yi inuwa ya bayyana.

Mataki na 2: San ire-iren kuɗin, ka zaɓi inda za ka fara

Wajen shekara ta 23 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarki Agustus ya tsara kuɗin ƙarfe da aka yi amfani da shi kusan shekara 300. Babba shi ne sestertius, na tagulla mai launin rawaya, gaurayen jan ƙarfe da zinki, faɗinsa ya haura milimita 30, nauyinsa giram 25 zuwa 28 a ƙarni na 1. Rabinsa shi ne dupondius, shi ma rawaya. Rabin dupondius shi ne as, na jan ƙarfe. Sestertius huɗu ke yin denarius ɗaya na azurfa. Kusan duk waɗannan suna ɗauke da manyan haruffa S C a baya, ma'ana da izinin majalisar dattawa. Da ka ga S C, galibi kwabon bai wuce ƙarni na 3 ba.

Dupondius da as kusan girmansu ɗaya, kuma tsufa ya rufe launin da ake bambanta su da shi. Abin da zai taimake ka shi ne kambin sarki. Daga zamanin Nero, wanda ya yi mulki daga 54 zuwa 68, aka fara sa wa sarki kambi mai tsinaye kamar hasken rana a kan dupondius, a kan as kuma kambin ganye.

A 215 sarki Karakalla ya fito da sabon kuɗi da masana ke kira antoninianus, shi ma da kambi mai tsinaye. Ya fara da kusan rabinsa azurfa, amma aka yi ta rage ta har a zamanin Galliyenus, tsakanin 253 da 268, ta koma ɗan shafe a kan tagulla. Don haka in ka ga kambi mai tsinaye a kan siririn kwabo mai faɗin milimita 20 da nauyin giram 3, wannan antoninianus ne na ƙarni na 3. Idan akwai XXI ko KA a ƙasan bayansa, an buga shi bayan gyaran da sarki Aureliyan ya yi a 274.

A 294 Diyokletiyan ya kawo babban kwabo mai giram 10 da ake kira follis. Shi ma ya yi ta ƙanƙancewa, cikin shekara 40 ya koma ƙasa da giram 3. Masu tara kuɗi suna kasa na ƙarni na 4 bisa faɗi, da alamar AE mai nufin tagulla: AE1 ya haura milimita 25, AE2 daga 21 zuwa 25, AE3 daga 17 zuwa 21, AE4 kuma ƙasa da 17.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya tsaya a kan gidan sarki Kwanstantin, daga 306 zuwa 363. Kuɗinsu ya fi araha, masu jabu ba su cika ɓata lokaci a kansa ba, kuma kusan kowane ɗaya yana ɗauke da sunan garin da aka buga shi. Sestertius ya fi kyau a ido, amma kuskure a kansa yana da tsada. Bari sai hannunka ya faɗa.

Mataki na 3: Saye, da abin da doka ta ce

Sayi wurin dillalin da ya rubuta cewa zai mayar maka da kuɗinka duk ranar da aka gano kwabon jabu ne. Kasuwannin intanet irin su VCoins da MA-Shops suna tattara dillalai masu rajista, kuma sukan sa nauyi da faɗi da hoton fuskoki biyu. Wanda bai sa waɗannan ukun ba, wuce shi.

Tambayi asalin kwabon: daga tarin wa ya fito, a wane gwanjo aka taɓa sayar da shi. Wannan tambaya tana da nauyi a wurina. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta tanadi hana fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba bisa ƙa'ida ba. Masar ta haramta cinikin kayan tarihi da doka mai lamba 117 ta 1983, Turkiyya ma tana da doka mai tsauri, kuma matafiyin da aka kama da kwabo ɗaya a jaka a filin jirgi yana iya shiga babbar matsala. Idan ka je Alƙahira ko Istanbul wani ya miƙo maka kwabon Rumawa a bakin kango, abu biyu ne: ko jabu ne, ko kuma na gaske ne da doka ta hana ka ɗauka. Bayan doka ma, kwabon da aka tono a ɓoye ya rasa labarin inda ya kwanta, kuma wannan labarin ne masu binciken tarihi suke aiki da shi. A Ingila akwai tsarin rajistar abin da masu neman ƙarfe a ƙasa da na'ura suka tono tun 1997, shi ya sa kuɗin da ya fito daga can sau da yawa yakan zo da tarihinsa.

Game da jabu, ka fara sanin yadda aka yi na gaske. Bugawa aka yi da hannu: a ɗora ɗan faifan ƙarfe a kan hatimin ƙasa, a ɗora hatimin sama, a maka guduma. Shi ya sa na gaske ba ya zama da'ira cikakkiya, zanen yakan karkace gefe, baki yakan tsage, haruffa kuma suna da kaifi a inda ba su cinye ba. Yawancin jabu zubi ne. Duba bakin kwabon da madubi: idan akwai siririn layi da ya zagaye shi inda ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu, ko alamar an goge wurin da zarto, ajiye shi. Duba fili tsakanin kai da haruffa, za ka ga ƙananan ramuka zagayayyu na kumfa, haruffan kuma kamar sun narke. Akwai kuma na gaske da aka lalata, inda wani ya sake sassaƙa gashin sarki da wuƙa don ya yi kyau, ko ya manna yashi da gam don ya yi kama da wanda aka tono a hamada. Wannan ya fi yawa a kan sestertius. Kwaikwayon sestertius tsohuwar sana'a ce: Giovanni da Cavino na garin Padua ya yi suna da ita tun ƙarni na 16.

Mataki na 4: Auna, sannan karanta gaba

Riƙe kwabo ta baki, a kan tebur mai shimfiɗa, don tsohuwar tagulla tana iya ɓantarewa in ta faɗi a siminti. Rubuta nauyi da faɗi kafin komai.

Rubutun gaba galibi yana farawa daga ƙasa ta hagu, ya zagaya yadda hannun agogo ke tafiya. Da Latin aka yi shi, babu tazara tsakanin kalmomi, kuma V ce ke zaman U. Kwafi duk harafin da ka gani, inda ya cinye ka sa ɗigo. Kada ka cike gurbi da zato. Yawancin rubutun laƙabi ne da aka taƙaita, in ka cire su abin da ya rage shi ne suna.

IMP kwamandan yaƙi ne. CAES ko C shi ne Kaisar. AVG shi ne Agustus, laƙabin babban sarki, kuma in ka ga AVGG da G biyu, sarakuna biyu ke mulki tare. P M shugaban limaman addininsu ne, P P uban ƙasa. A ƙarni na 4 za ka fi ganin D N, wato ubangidanmu, da P F, mai biyayya mai sa'a, da NOB C, yarima mai jiran gado.

Laƙabi biyu ne ke ba da shekara a kuɗin ƙarni na 1 zuwa na 3. TR P wani iko ne da ake sabunta wa sarki duk shekara, lambar da ke biye da shi tana ƙirga sau nawa. COS kuma muƙamin kansul ne, wani babban muƙamin mulki a Rum, wanda ba kowace shekara sarki ke karɓa ba. Kwabon Markus Aureliyus mai TR P XXV an buga shi tsakanin Disambar 170 da Disambar 171. Na Tirajan mai COS V yana tsakanin 103 da 111, don a 112 ya karɓi na shida. Hadriyan kuwa ya tsaya a COS III daga 119 har rasuwarsa a 138, don haka a wurinsa wannan lambar ba ta taƙaita maka sosai.

Idan rubutu ya cinye, fuska za ta yi magana. Sarakunan farko ba su cika barin gemu ba. Hadriyan ne ya fara barin cikakken gemu a 117, na bayansa suka bi. Sarakunan sojoji na ƙarni na 3 gajeren gashi ne da ɗan ƙasumba. Kwanstantin ya dawo da aske fuska, daga baya ya maye kambin ganye da ɗaurin kai mai duwatsu, wanda ya zama alamar sarauta har ƙarshen daular. Daga nan fuskoki suka koma kusan iri ɗaya, dole ka dogara da haruffa.

A nan ne gidan Kwanstantin ke rikita sabon shiga. Uban shi ne CONSTANTINVS AVG ko CONSTANTINVS MAX AVG. Ɗansa mai sunansa galibi yana da IVN, wato ƙarami: CONSTANTINVS IVN NOB C. Ɗa na gaba shi ne CONSTANTIVS, babu N bayan harafin I. Autansu CONSTANS. Harafi ɗaya ke raba uba da ɗa, don haka sa madubi a kan ƙarshen sunan ka ƙirga haruffan ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na 5: Karanta baya

Bayan kwabo shi ne inda gwamnati ke isar da saƙo ga sojoji da talakawa. A ƙarni na 4 zanen da aka fi bugawa ba su da yawa, in ka haddace goma ka gama da kaso mai tsoka na abin da zai zo hannunka.

GENIO POPVLI ROMANI, mutum a tsaye riƙe da faranti da ƙaho, na follis ne daga 294. SOLI INVICTO COMITI, abin bautarsu na rana da hannu a ɗage, na farkon mulkin Kwanstantin ne. Ƙofar sansani mai hasumiya biyu da rubutun PROVIDENTIAE tana cikin shekarun 320. GLORIA EXERCITVS, sojoji biyu a tsaye, ta fara a 330, kuma tana da sirri mai amfani: tutoci biyu a tsakaninsu na nufin shekarun farko, tuta ɗaya kuma daga wajen 336, lokacin da aka rage nauyin kwabon. A 330 ɗin ne aka buga na bikin sabon babban birni, Kustantiniya, wato Istanbul ta yau, ɗaya da VRBS ROMA da kyarkeciya tana shayar da tagwaye, ɗaya da CONSTANTINOPOLIS da mace mai fukafukai a kan goshin jirgin ruwa. Waɗannan biyun babu kan sarki a gabansu. FEL TEMP REPARATIO, maido da zamanin jin daɗi, ta fito a 348. Bayan 364, a zamanin VALENTINIANVS da ɗan'uwansa VALENS, za ka ga GLORIA ROMANORVM, sarki yana jan fursuna ta gashi, da SECVRITAS REIPVBLICAE.

Abu biyu za su nuna maka ka fita daga wannan layin. Idan rubutun da Girkanci ne, kwabon na lardi ne, wani birni na gabas ya buga don kasuwarsa. Na Iskandariya ta Masar suna da kauri, kuma suna ɗauke da L da harafin Girkanci mai nuna shekarar mulki, misali L B shekara ta biyu. Idan kuma babban harafin M ne ya cika baya, wannan na Bizantiya ne, wato daular Rum ta gabas, daga gyaran sarki Anastasiyus na 498 zuwa gaba.

Mataki na 6: Nemo garin da aka buga

A ƙasan zanen baya akwai layi, ƙarƙashinsa 'yan haruffa. Su ne alamar gidan buga kuɗi, kuma su na fi son karantawa, domin suna nuna faɗin daular daga Landan har Masar. PLN ko PLON Landan ce. TR ita ce Trier a Jamus. LG ko LVG Lyon a Faransa. R Rum, AQ Akwiliya a Italiya. SIS ita ce Siskiya, Sisak ta Kuroshiya a yau. TES ko TS Tasalonika a Girka. H Herakiliya, N Nikomediya wadda ita ce Izmit, K Kizikus, ANT ko AN Antakiya, duk a Turkiyya ta yanzu. ALE ko AL Iskandariya.

Galibi sunan garin yana tsakiyar wasu haruffa. SM a gaba taƙaicen kuɗi mai alfarma ne, cire shi. Harafin da ke farko ko ƙarshe yana nuna sashen da ya yi aikin a cikin gidan. A yamma P, S, T, Q ne, wato na ɗaya zuwa na huɗu. A gabas haruffan Girkanci ne: A, B, Γ, Δ, Є. Don haka SMNΓ na nufin Nikomediya, sashe na uku. Kula da tarko guda: CONS Kustantiniya ce, amma CONST garin Arles ne a Faransa, wanda aka sauya wa suna zuwa Constantina a 328.

Ga yadda abin yake a aikace. Kwabo ne mai faɗin milimita 17, giram biyu da rabi, launin ƙasa-ƙasa da ɗan yashi ja a tsakanin haruffa. A gaba kai yana kallon dama, da ɗaurin duwatsu. Hasken gefe ya fito da D N CONSTAN a hagu, TIVS P F AVG a dama. A baya soja ne da garkuwa, ya karkata hagu yana soke wani mahayi da mashi, dokin ya durƙusa, mahayin ya ɗaga hannu. Rabin rubutun ya fita daga faifan, REPARATIO kawai ya rage. Ƙarƙashin layi ALEB. To, sarkin Kwanstantiyus na biyu ne, wanda ya yi mulki daga 337 zuwa 361. An buga a Iskandariya, sashe na biyu. Zanen ya fara a 348, amma na farkon manya ne, wannan ƙanƙantar ta sa shi cikin shekarun 350. Da a ce kan babu ɗauri kuma rubutun ya ƙare da NOB C ko NOB CAES, da yarima ne: ko Gallus, mai ɗauke da sunan CONSTANTIVS shi ma, daga 351 zuwa 354, ko IVLIANVS daga 355.

Mataki na 7: Tabbatar a kundin masana

Kundin da kowa ke komawa gare shi shi ne Roman Imperial Coinage, ana taƙaita shi RIC. An fara fitar da shi a 1923, juzu'i na goma ya fito a 1994. Juzu'i na 7 ya ƙunshi 313 zuwa 337, na 8 kuma 337 zuwa 364. Ba sai ka saya ba, don ƙungiyar masana tsabar kuɗi ta Amurka ta sa lambobinsa kyauta a shafin OCRE, tare da hotuna daga gidajen tarihi. Shigar da sarki da gari da guntun rubutun da ka samu, ka kwatanta hotuna. Sau da yawa lambobi biyu ko uku za su dace, bambancin ɗan ɗigo ne ko tauraro a filin baya. Idan wurin ya cinye a naka, rubuta lambobin duka. Ya fi ka zaɓi ɗaya da ka.

Mataki na 8: Tsaftacewa da ajiya

Kore, ko baƙi, ko ruwan ƙasa mai santsi da ya lulluɓe tsohon kwabo ba datti ba ne. Saman ƙarfen ne da kansa ya rikiɗe cikin ɗaruruwan shekaru, kuma sau da yawa zanen a jikin wannan fatar yake. In ka cire ta, abin da zai rage jan ƙarfe ne mai ramuka, darajarsa kuma ta tafi. Yadda ake dirje tukunyar tagulla da tsamiya da toka har ta yi ƙyalli, wannan hanyar ita ce mafi saurin kashe kwabon Rumawa. Lemon tsami, ruwan kal, man goge ƙarfe da soson waya duk haramun ne a nan.

Kwabon da dillali ya riga ya gyara, bar shi yadda yake. Wanda ya zo da ƙasa a jiki, jiƙa shi a ruwan da aka tace ta hanyar tururi, wanda ake samu a kyamis. Ruwan famfo da na rijiya suna da gishirin da ke cutar da tagulla, ruwan batir kuma wani yana da asid. Sauya ruwan duk bayan kwana biyu ko uku, ka goge a hankali da buroshi, ka ture ƙasar da ta yi laushi da tsinke a ƙarƙashin madubi. Yana iya ɗaukar makonni ko watanni. Wasu suna jiƙawa a man zaitun. Ban goyi baya ba, don yana baƙanta kwabo kuma yana da wuyar fita. Da ka iya karanta haruffa, dakata. Busar da shi sarai kafin ka ajiye.

Kore ɗaya ne abin tsoro, wanda ake kira cutar tagulla. Launinsa kore ne fari-fari mai haske, gari-gari, in ka taɓa da tsinke sai ya zube ya bar rami. Gishirin kuloraid ne da ke cikin ƙarfen yake haɗuwa da laima yana cin kwabon daga ciki, kuma ba ya tsayawa da kansa. Ware wannan kwabon daga sauran nan take, kankare garin da tsinke, jiƙa shi a tataccen ruwa kana sauyawa na tsawon makonni, busar, sannan ka sa masa ido wata da watanni. In ya dawo, masu gyaran kayan tarihi suna amfani da sinadarin sodium sesquicarbonate, kuma in kwabon mai daraja ne gara ka miƙa musu.

Sa kowane kwabo a ambulan ɗinsa na takarda marar asid ko leda mai tauri. Ledar PVC mai laushi tana fitar da wani kore mai danƙo bayan 'yan shekaru. Zuba su a akwati mai rufuwa ruf tare da ƙunshin silika, irin wanda ke zuwa cikin kwalin takalmi ko magani. Ga mai zaune a ƙasashenmu, hunturu ba matsala, damina ce lokacin haɗari, don haka buɗe akwatin ka duba kowane ɗaya a watan Agusta, ka sauya silikar ko ka busar da ita. A jikin ambulan rubuta sarki, shekaru, rubutun gaba da baya, gari, lambar RIC, nauyi, faɗi, wurin wanda ka saya da ranar. Rasit da tsohuwar takardar da ta zo da kwabon su zauna tare da shi, don su ne shaidarka in za ka ketare iyaka da shi ko ka sayar.